Rantsuwar da Babba Ta Gada

"Wa ya bar awakin nan suka afka wa shanyar wake? Ina tambaya, wa?"

Muryar Malam Sodangi ce ta cika tsakar gidan, har kaji suka watse. Waken da aka shanya tun safe, awaki sun yi masa kaca-kaca, sun ci na ci sun tattake saura. Zinariya, ƙaramar 'yarsa, ta fito daga madafi hannu duk kumfar wanke-wanke, idonta ya riga ya cika da hawaye, don ta san inda faɗan zai sauka.

Babba, yayarta, ta riga ta zuwa. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ni ce. Ni Inna ta bar wa tsaro, na shiga ɗaki na manta."

Nan take fuskar Malam ta sake kamar an zuba wa wuta ruwa. "A'a, a'a, Uwata, tashi! Ke da durƙuso gabana? Ai ba komai, waken banza. Ke kuma Zinariya, idonki na ina? Kina gani Uwata ta shiga hutawa, ba ki iya leƙowa?"

Haka Zinariya ta sha faɗan laifin da ba nata ba, ta koma madafi tana ƙunƙuni. Babba kuwa ta miƙe jiki a sanyaye. Wallahi da za a ba ta zaɓi, da ta karɓi faɗan nan hannu biyu.

To, ga yadda abin yake. Sunanta na yanka Hawwa'u, sunan mahaifiyar Malam ke nan, wadda ta rasu ana saura kwanaki kaɗan a haife ta. Da aka raɗa wa jaririya sunan, sai ya zama babu mai iya faɗinsa a gidan saboda kara, aka koma kiranta Babba. Wannan kam ba baƙon abu ba ne a Kankia, gida nawa ne ba su da Babba ko Ummi ko Hajiya? Amma Malam Sodangi shi nasa ya wuce na kowa. Mutumin nan ya so uwarsa so mai tsanani, kuma da ta tafi sai ya ɗauki duk soyayyar da girmamawar ya jibga wa jaririya a ka. Ɗakin marigayiya Hajiya aka ba ta. Kunun tsamiya ake dama mata kullum, don shi Hajiya ke sha. In za a yi ɗinkin Salla, a sayo wa Zinariya mai ja da ruwan ƙwai, ita kuwa shuɗi mai duhu, don Hajiya ba ta son kala mai ihu. In ta ƙyalƙyale da dariya, sai ya dube ta da mamaki ya ce, "Ikon Allah! Hajiya dai murmushi take." Sai ta haɗiye sauran dariyar.

Ɓangaren uwa ma babu sauƙi, don ita ce 'yar fari. Inna Ma'u kunyarta take ji, ba ta kiran ko Babban ma, sai dai "ke" ko "waccan". Ba ta taɓa jawo ta jiki a gaban mutane ba. Yarinya ta tashi tsakanin uban da ke ganin uwarsa a fuskarta da uwar da ke kawar da kai in ta shigo. Kowa na cewa 'yar gata ce, ita kaɗai ta san gatan nan ya shaƙe mata wuya. Ga ta ta gama sakandare, ta ba shekara goma sha takwas baya, amma in ta tsaya gaban madubi sai ta rasa wa take kallo.

Keken ɗinkin Inna Ma'u ne ya kawo Sharafaddeen gidan. Saurayi ne ɗan Yashe ta ƙasar Kusada, yana da ɗan shago a bakin titin Kano zuwa Katsina inda yake gyaran kekunan ɗinki. Aka fito masa da keken zaure, aka aiko Babba ta kawo masa ruwa. Yana cikin kwance kan keken sai wani ƙaramin noti ya suɓuce ya faɗa cikin kofin ruwan, shi kuma bai lura ba, ya yi ta laluben ƙasa yana salati. Dariya ta ƙwace wa Babba, irin wadda ba ta da birki. Ta yi maza ta toshe baki da mayafi.

"Don Allah kar ki tsayar," in ji shi. "Tun safe ban ji abu mai daɗi irin wannan ba."

Keken da bai wuce gyaran yini ɗaya ba, sai da ya ci zuwa uku. Daga nan kuma sai aka daina fakewa da keke. Ya nemi izini wurin ƙanin Malam, aka ba shi damar zuwa zance da la'asar.

Ana gab da ƙaramar Salla suna zaune a zaure, ya ce mata, "Gobe zan shiga Kano sayen kayan gyara. Ina so in taho miki da atamfa. Wace kala kike so?"

"Shuɗi mai duhu. Hajiya ba ta son..."

"Allah ya jiƙan Hajiya," ya katse ta a hankali, "amma ba ita zan saya wa ba. Ke nake tambaya, Hawwa'u."

Ta duba cikin ranta kamar mai duba tukunya, ta tarar wayam. Ja take so? Kore? Ita fa ba ta sani ba! Ko kunun tsamiyar da take sha kowace safiya, ba za ta iya rantsewa tana sonsa ko tana ƙinsa ba, don ba a taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa tambayar kanta ba. Sai ga hawaye shar.

Sharafaddeen ya rikice. "Subhanallahi! Sori, don Allah sori, me na ce?"

"Ba ka ce komai ba. Ban san amsar ba ne kawai. Wace irin mutum ce ba ta san kalar da take so ba?"

"Irin wadda za mu bincika tare," ya ce. "Ba sauri muke ba. Ni dai na san abu ɗaya da kike so, kina son dariya. Mu fara daga nan."

Tun daga ranar ta fara sa wa kanta ido kamar mai leƙen baƙuwa. Ta gano tana son yaji sosai a abinci. Ta gano zaman ɗaki shiru yana gundurarta, ta fi son hayaniyar tsakar gida. Ta gano tana da saurin fushi, ɓoyewa kawai ta iya. Ta kuma gano, ba tare da wata tantama ba, cewa tana son Sharafaddeen. Wannan kam nata ne, ba ta gada wurin kowa ba.

Bayan Salla manyansa suka zo daga Yashe neman aure. Aka shimfiɗa tabarmi, aka gaisa, hira ta yi daɗi, har Malam ya tambayi wane gida ne a Yashe.

"Gidan Ɗanmaliki," in ji kawun yaron. "Ai Sharafaddeen jikan gidan ne."

Waɗanda ke wurin sun ce fuskar Malam ta canza kamar an yi masa albishir da mutuwa. Ya ce su yi haƙuri su je, za su ji daga gare shi. Ko goron da suka kawo bai taɓa ba.

Da ya shigo gida, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Babba, ƙasa-ƙasa kamar yadda yake zama gaban mahaifiyarsa. "Uwata, ki gafarce ni, ban bincika ba tun farko. Wanga gida, nan aka fara kai Hajiya aure tun tana yarinya, kafin ta auri mahaifina. Shekarar da ta tare gobara ta cinye masu rumbuna, suka ce farar ƙafa gare ta. Suka watso mata kaya waje da tsakar rana, tana goyon jariri ba shi da lafiya, ta tako da ƙafa har Kankia. Yaron bai kwana biyu ba ya koma. Hajiya ta rantse ƙafarta ba ta ƙara taka gidan Ɗanmaliki har ta mutu, kuma ba ta taka ba. To mi zan ce mata ranar gobe, in na ɗauke ki da hannuna na kai ki? In maida Hawwa..." Ya kasa ƙarasa sunan. "In maida uwata gidan da aka wulaƙanta ta? Ba da ni ba!"

Babba ta ji tausayin kakarta har cikin ƙashi. Amma tana so ta ce ita fa ba ta taɓa ganin Yashe ba, ba a taɓa watso mata kaya ba, ba ta yi wa kowa rantsuwa ba. Bakin ya ƙi buɗuwa. Ta saba, Hajiya ba ta musu.

Kwana da kwanaki tana kuka a ɗakin da ko labulensa ba ita ta zaɓa ba. Ranar nan ƙawarta Kamila, wadda suka yi aji ɗaya, ta faɗo ɗakin ba ko sallamar kirki.

"Ke wallahi kina ba ni haushi! Kina zaune kina kuka alhali rimot ɗin gidan nan gaba ɗaya yana hannunki?"

"Wane rimot kuma?"

"Ji ta! Babanki ya taɓa ƙin abin da uwarsa ta ce? To ki zama uwar tasa mana! Ki sa shuɗin zanenki, ki zauna kan gadon nan, ki aika a kira shi. Ki ce kin yi mafarki da Hajiya ta ce ta janye rantsuwa, ta yafe, kuma oda ce take ba shi. Wallahi kafin magariba zai hau babur ya tafi Yashe. Siriyos nake gaya miki!"

"Ƙarya fa ke nan, Kamila. A kan mamaciya."

"Ƙaryar da za ta gyara aure? Su da suka ɗora miki tsohuwa a ka tun kina zanen goyo, yau ki ci amfaninta sau ɗaya shi ne laifi?"

Maganar ta shige ta, ba zan ɓoye muku ba. Da Sharafaddeen ya kira ta a waya ta gaya masa, sai ya ce, "Ina sonki kamar in yi hauka, kin sani. Amma in kika yi haka, Hajiya za a ba ni, ba ke ba. Kuma daga ranar ba ki da bakin cewa ke ba ita ba ce. Ki yi tunani dai, duk abin da kika yanke ina nan."

Washegari da hantsi ta ɗauko shuɗin zanen ta ɗaura, ta zauna a bakin gado, ta aiki Zinariya ta kira Baba. Ga shi nan tafe da saurinsa, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya rage tsawo. "Ga ni, Uwata. Lafiya?"

Ta dube shi. Dattijo mai furfura a gemu, ya durƙusa gaban 'yar cikinsa, idonsa cike da yarda, duk abin da ta faɗa zai ɗauka. Kalma biyu kawai, ta samu Sharafaddeen. Amma sai ta hango sauran rayuwarta a cikin kalmomin nan: ta haihu tana Hajiya, ta tsufa tana Hajiya, a binne ta ba wanda ya taɓa sanin ta zo duniya. Ga ƙarya a kan baiwar Allah da ke kabari.

Sai ta sulalo daga kan gadon ta zube ƙasa, ƙasa da inda yake.

"Baba, na kira ka ne in yi maka ƙarya. In ce Hajiya ta zo mini a mafarki ta janye rantsuwa. Ba ta zo ba. Ban taɓa ganinta ba, Baba, ko a mafarki! Ban san muryarta ba. Ni 'yarka ce. Ina son yaji, ina son dariya, ina jin fushi, kuma ina son Sharafaddeen. In za ka hana ni shi, na roƙe ka don Allah ka hana ni a matsayin ubana, ka ce bai yi maka ba, wallahi zan haƙura in bi. Amma kar ka hana ni saboda rantsuwar da ban yi ba. Na gaji, Baba! Na gaji da zama uwarka, ni ma uba nake so!"

Har Inna Ma'u sai da ta tsaya da dakan da take yi.

Malam Sodangi ya miƙe tsaye a hankali, jijiyar wuyansa ta fito. "Ke! Ni kike faɗa wa haka? Ni? Duk gatan da na yi maki, abin da za ki saka mani da shi ke nan? To ki ji da kyau, ba Yashe ba, ko ƙofar gida na ƙara ganin ƙafarki sai na saɓa maki! Mara kunya kawai!"

Ya fice yana huci, ya bar takalminsa ɗaya a bakin ƙofa. Babba ta kifa kai ta yi kuka mai cin rai. Ta rasa Sharafaddeen, ta ɓata wa ubanta. Amma a ƙarƙashin kukan akwai wani abu mai kama da sauƙi, don yau dai da ita aka yi faɗa, ba da wata ba.

Damina ta sauka, ta tarar da gidan ba daɗi. Malam ya daina kiranta Uwata, bai kuma sami wani sunan da zai kira ta ba, sai ya daina kiranta gaba ɗaya. In ta gaishe shi ya amsa a daƙile. Ya karɓe wayarta. Kamila ta zo ta ce mata ta yi wauta, ta zuba wa kanta ƙasa a ido. Babba ba ta yi yaji ba, ba ta daina cin abinci ba, ba ta aika wa kowa saƙo a ɓoye ba. Ta kama aikin gida gadan-gadan, shara, daka, kai abinci gona, abubuwan da da ba a barinta ta taɓa. Kullum da safe ta durƙusa ta gaishe shi, ko ya kalle ta ko bai kalla ba. In abin ya cika mata ciki ta shiga ɗaki ta kai wa Allah ƙara. Shi ma Sharafaddeen bai tako ƙofar gidan ba, sai dai duk Juma'a ya tsaya a bakin masallaci ya gaida Malam, Malam ya wuce kamar bai gan shi ba, wata Juma'ar ya sake tsayawa.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da Inna Ma'u ta yi abin da ba a taɓa zato ba. Malam na zaune yana cin tuwon rana, ta zo ta zauna gefe, Babba na jin su daga madafi.

"Malam, yau zan ajiye kunya in yi magana a kan ɗiyata."

Ya ɗago da mamaki, don bai taɓa jin ta ce haka ba.

"E, ɗiyata. Ni na yi naƙudarta, ni na san zafin. Hajiya ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, Allah ya haskaka kabarinta, amma Hajiya ta tafi da aikinta da rantsuwarta, ta kuma cika abinta. A wane littafi ka karanta ana gadon rantsuwa? Kai ka ɗauki yarinya ka mai da ta uwa, ni na ɗauke ta na mai da ta abin kunya, muka bar ta tsakiya ba uwa ba uba. Kuma da ta so cutarka, ranar nan da ta cuce ka, kai ma ka sani. Ta zaɓi ta faɗa maka gaskiya ta rasa abin da take so. Tarbiyyar wa ke nan in ba taka ba?"

Malam ya cire hannu daga tuwon, ya daɗe yana kallon ƙasa.

Kwana biyu bayan haka ya tada babur da sassafe bai gaya wa kowa inda za shi ba. Sai bayan la'asar ya dawo, ƙafafun wandonsa duk taɓo, idonsa jawur. Ya zauna kan turmi a tsakar gida, ya ce a kira masa yarinyar nan. Babba ta zo ta durƙusa.

"Daga Yashe nike," ya ce. "Na tafi in ga gidan da idona, in ji ko zuciyata za ta iya. Na ɗauki fushin uwata na kai masu har ƙofa, na tarar ba mai karɓa. Duk waɗanda suka yi mata abin nan suna maƙabarta. Tsohuwa guda ta rage, Zuliha, ƙanwar mijin nata na fari, ido ma ya tafi. Da ta ji ko ni ɗan wane ne sai ta kama hannuna tana kuka. Ta ce tana 'yar ƙarama ita ta ɗaukar wa Hajiya ƙullin kaya har bakin hanya, kuma tun ranar take roƙon Allah ya kawo wanda za ta nema wa gidansu gafara wurinshi. Na yafe masu a madadinta. Ni ya kamata in yi wannan tun tuni, ni ne ɗanta. Ba ke ba."

Babba ta fashe da kuka. Inna Ma'u na bakin madafi tana share ido da gefen zane.

"Na ce su turo bayan an yi girbi. Yaron ya yi mani, ba don kowa ba, don na ga haƙurinshi." Ya miƙa hannu ya dafa kanta. "Shekara goma sha takwas Allah ya ba ni ɗiya, ina ta kallon wata a bayanta. Ki yafe mani. Kafin su zo su ɗauke ki, ki zauna kusa da ni in san ki."

Bayan girbi aka ɗaura aure, aka kai amarya Yashe, ta shiga gidan Ɗanmaliki da ƙafar dama, dangin ango na guɗa kamar su tsaga gari.

To 'yan'uwana matasa, kun dai ji. Da Babba ta bi gajeriyar hanya ta yi ƙarya, da ta sami miji ta rasa kanta har abada. Ta faɗi gaskiya cikin ladabi, ta yi haƙuri da abin da gaskiyar ta jawo mata, Allah ya haɗa mata miji da uba da uwa a lokaci guda. Ku kuma iyaye, ku sa wa 'ya'yanku sunan magabata don albarka, wannan abu ne mai kyau. Amma ku tuna sunan kawai kuka ba su. Wanda ya tafi ya tafi da halinsa da fushinsa, wanda ke gabanku kuwa sabon mutum ne, yana jiran ku tambaye shi ko shi wane ne tun bai bar gidanku ba.